Duwatsun Salla

Litinin, 7 ga Oktoba, da hantsi

Yau ma ban kira ta ba. Na ɗauki wayar, na kalli sunanta, na ajiye, na je na sake wanke tukunyar da na wanke jiya.

Ƙawata Salla tana Kudu, a asibitin babban birni, a gefen gadon mijinta Úlfar, wanda har yanzu bai buɗe ido ba. Mijina Torfi kuwa yana nan falo a zaune, hannu a naɗe da bandeji, yana kallon talabijin ɗin da bai kunna ba. Su biyu suka fita kamun kifi ranar Alhamis, Torfi ne ke tuƙi, jirgin ruwan ya hau duwatsun bakin mashigar tasha, inda ko ɗan koyo ba ya kai hancinsa. Iyakar abin da zan rubuta ke nan game da Alhamis.

Ni da Salla tun muna yara masu majina muke tare. Gidanta ga shi can tsallaken titi, daga tagar kicin ɗina ina ganin tata. Idan ta ɗaga labule sau biyu, kofi ya haɗu ke nan, in tsallako. Yanzu labulen a sake yake, kuma Allah ya sani har sanyi nake ji a raina da ba ta nan. Wace irin ƙawa ce wannan?

Na shiga gareji neman tsumma sai na yi tuntuɓe da bokitin duwatsun. Da bazara muka tsinto su a bakin teku, ni da ita. Ta daɗe tana son ta samu duwatsun rún nata na kanta, haruffan nan goma sha shida na kakanni, kowanne a kan dutsensa, a zuba a jaka a riƙa zaro ɗaya ana duba abin da rana za ta kawo. Na shago ba ta so, wai na 'yan yawon buɗe ido ne, kuma wai irin wannan abu ba a sayensa, sai mai ƙaunarka ya sassaƙa maka da hannunsa. Ni da ban yarda da wannan shirmen ba ko kaɗan, bakina ya ja min, na ce kafin ranar haihuwarta, wato ranar farko ta hunturu, za ta same su. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ni da ko maɓalli ban iya ɗinkawa a daidai ba.

Na zube su a kan tebur. Baƙaƙe ne sumul, teku ya gama gogar su. Na zaɓi waɗanda suka fi faɗi na jera su a kan tsohon tawul.

Talata, 8 ga Oktoba, da yamma

Na fara da harafin da ake kira Ƙanƙara, don shi layi ɗaya ne tak, a miƙe. Na ce ko jaki zai iya. Na zana da alli, na ɗauko ɗan injin sassaƙan Torfi mai kai kamar allura, na danna. Dutsen ya zame ya tashi sama ya bugi gwangwani. Na biyu ya rabe gida biyu. A na uku ne na gane sai na damƙe shi a ƙarfen matsewa na jikin tebur, da tsumma a tsakani, in bi shi a hankali ba da fushi ba. Layin ya fito a karkace kamar mai shi.

Ɗan sanda ya zo da rana. Yaron kirki ne, na san uwarsa, har takalminsa ya cire a bakin ƙofa ya jera su. Ya zauna da Torfi ya daɗe, sannan ya leƙo kicin ya tambaye ni ko na ga fitarsu da asuba. Na ce ina barci. Ya ce to, ya sha kofinsa, ya yaba kek ɗin.

Na ce ina barci.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da safe

Alhamis ta zagayo. Ban kira ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, da rana tsaka

Madara ta ƙare, dole na je kanti. Na ja hula har gira, na bi ta bayan coci, duk a banza, don Begga ce a wurin biyan kuɗi, kuma Begga ko a cikin buhu ka shigo za ta gane ka daga tafiyarka. Ta zagayo ta rungume ni a gaban kowa. Ta ce duk gari maganar Torfi ake yi, yadda ya riƙe Úlfar a kan dutse da hannu ɗaya, ruwa yana dukansu, har masu ceto suka iso. Ta ce, "Odda, mijinki namiji ne. Ki gaya masa ni na faɗa."

Na ce zan gaya masa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Abin haushin kuma gaskiya ta faɗa, ya riƙe shi ɗin, fatar tafin hannunsa tana can a kan dutsen. Da zagina ta yi da na san yadda zan yi da ita, don a fagen baƙar magana ba a taɓa kayar da ni a garin nan ba. Yabo ne ban san inda zan ajiye shi ba.

Ta kuma ce tukunya ta yi shiru ba ni. Tana nufin kwamin ruwan zafi na wurin ninƙaya, inda muke jiƙa jiki kowace safiya muna cin naman mutane. Ni ce sarauniyar wurin, na sani, babu auren da ya mutu a garin nan ban yi masa jana'iza a cikin ruwan nan ba. Na ce mata bayana ke ciwo. Ta ce ai ruwan zafi ne maganin baya. Na ce na ji, na kwashi madarata.

A wurin aiki ma ciwon bayan na faɗa musu. Kifi dai ba zai rasa mai feɗe shi ba don ba na nan.

Mutane sai kawo abinci suke yi. Baƙin burodi, dakakken kifi da dankali, busasshen kifi da man shanu. Na cika firiji da alherin da ban cancanta ba, Torfi kuma ba ya taɓa komai sai kofi.

Litinin, 14 ga Oktoba, da la'asar

Hannuna ya fara sabawa. Na yi Dukiya, na yi Rana, na yi Ƙato, na yi Gyambo. Gyambo ya fi duka kyau, abin da bai ba ni mamaki ba. Rana ta ba ni wuya saboda lanƙwasarta, sai da na ɓata duwatsu biyu. Idan na gama da inji sai in bi ramin da ƙaramin magagari in share bakinsa, don kada ya yanki yatsan mai lalube a jaka. Ƙurar tana shiga hanci, da na fyace baƙi ke fitowa.

Daɗin aikin shi ne ƙarar injin. Muddin yana kuka ba na jin komai, ba na jin wayar da ba ta yi ƙara ba, ba na jin shirun falo.

Ina cikin yin Tilas, wanda layi ne da wani ya gitta shi a karkace, sai na ji mutum a bayana. Torfi ne a bakin ƙofa da safa, gemu ya cika masa fuska. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in riƙa ɗiga ruwa a kan dutsen, in ba haka ba allurar za ta ƙone. Na ce to. Ya tambaya na wane ne. Na ce na Salla. Ya gyaɗa kai ya koma. Wannan ce hira mafi tsawo da muka yi tun ranar.

Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, kuma idan na kalle shi kaina nake gani. Shi ya sa na fi son gareji.

Harafin Ruwa na tsallake shi. Zan dawo kansa.

Laraba, 16 ga Oktoba, da yamma

Salla ta dawo.

Ina wanke kofuna na ga fitilar kicin ɗinta a kunne. Na ji a bakin Begga tun ranar Asabar cewa Salla za ta zo ta duba tsohuwarta ta kwana biyu, 'yarta Hrefna za ta zauna da uban a asibiti. Na sani, amma duk da haka sai da kofin ya suɓuce min.

Ta zo jikin taga. Ta ɗaga labulen, ta sake. Ta ɗaga, ta sake.

Abin da na yi zan rubuta shi, don in na karanta wata rana in san ko ni wace ce. Na durƙusa. Mace mai jikoki, na durƙusa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, gwiwa a kan tabarma, ruwa yana zuba a famfo, na rarrafa har bakin ƙofa na miƙa hannu na kashe fitila. Sai da na kashe na gane cewa kashewar ta fi durƙuson tona min asiri.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da safe

Ta sake ɗagawa. Ban je ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da safe

Yau ba ta ɗaga ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, da la'asar

An sauko da tumaki daga tsauni an yanka, kowane gida warin dafaffen jini da hanta yake yi. Kowace shekara a kicin ɗin Salla muke wannan aikin, ita tana kwaɓa jini da gari, ni ina ɗinke tumbi ina cusawa, tana tsokanata wai ɗinkina ko a tumbin tunkiya bai yi ba. Bana ko buhun garin ban saya ba.

Iska ta juya a gari. Ba wanda ya gaya min, amma ai ni na san yadda take juyawa, ni ce nake juya ta a da. Abincin ya daina zuwa. Na ga Begga ta wuce da karenta, ta kalli gidanmu ta ɗauke kai da sauri. An sa ranar zaman bincike kan hatsarin jirgin a farkon watan gobe, kuma na tabbata a tukunya an riga an yi zaman an yanke hukunci. Na san ma wadda ta zauna a wurina, kusa da bututun da ruwan ya fi zafi.

Na yi harafin Ruwa. Layi ne da ɗan ƙugiya a samansa, bai ɗauke ni komai ba. Ban san me na zaci zai faru ba.

Salla ta ce min tun da bazara dole a cika ramukan da ja, wai mutanen da ma jini suke sawa. Sayen fenti yana nufin komawa kanti, ni kuwa gara in ci tuwon ƙusa. Na bincika kantar gareji na samu rabin gwangwanin ja, na ɓalle murfin, na tsoma tsinke ina bin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna ɗas a kan baƙin dutsen, har na ji daɗi, karo na farko a makonnin nan. Sai da na kusa gamawa warin ya isa kaina. Fentin jirgin ne. Shi Úlfar yake shafa wa cikin jirgin duk shekara kafin a tura shi ruwa.

Na gwada gogewa da fetur. Ya fita a sama, amma a cikin ramukan ya riga ya kama.

Talata, 22 ga Oktoba, da hantsi

Saura biyu suka rage, na yi su jiya: Mutum, da Baka. Mutum sanda ce a tsaye da hannaye biyu a ɗage sama. Baka, bakan harbi, shi ne harafin ƙarshe, kuma Salla ba ta ƙaunarsa. Takan ce idan ya fito a ɗaure bakin jaka a je a sha kofi, don ƙarshen abu yake nufi. Shi ma sanda ce, amma nasa rassan biyu ƙasa suke kallo.

Na shafa musu jan, tunda sauran sun riga sun sha, na bar su suka bushe. Yau da safe na tattara duka a hannu in ji nauyinsu, na sake zube su a kan tawul in jera su bi da bi. Na ɗauki ɗaya na ce ga Mutum. Na ɗauki ɗayan, shi ma Mutum. Na juya su, duk biyun suka zama Baka.

Sai a lokacin na gane. Harafi ɗaya ne, juya shi kawai ake yi. A kan dutsen da aka kafa a ƙasa ba a rikicewa, don sama tana sama. Amma ni, da iyayina, na zaɓi duwatsu biyu masu kyau, kewayayyu kamar ƙwai, ba kai ba gindi. Duk wanda ya san abin da yake yi sai ya nemi dutse mai tsini a gefe guda, ko ya sa ɗigo a ƙasan harafin. Salla ma na tabbata ta gaya min haka a bakin teku, ina can ina yi mata ba'a.

Na zauna ina jujjuya su kamar wata sakarya. Na san wanda na fara sassaƙawa jiya, amma yau ban san shi ba. Ni da ban yarda da waɗannan abubuwa ba, ga ni na kasa ajiye su. Yaya zan ba matar da mijinta ke kwance a wannan halin jakar da ban san ko akwai Mutum a cikinta ba?

Laraba, 23 ga Oktoba, da rana

Gyaran ba wuya. Ɗigo ɗaya a wannan, ɗigo ɗaya a wancan, a zaɓi ɗaya a ce shi ne Mutum, magana ta ƙare. Ba wanda zai sani. Na damƙe ɗaya a ƙarfe, na kunna inji, na riƙe shi har hannuna ya yi tsami, na kashe. Na gaji da yanke abu ni kaɗai in ce haka yake.

Hrefna ta kira wayar gida, Torfi ya ɗauka. Na ji yana cewa to, to, Allah ya sa. Da ya ajiye ya ce, bango yake kallo ba ni ba, ranar Litinin likitoci za su cire wa Úlfar injin numfashi su ga ko zai iya da kansa. Yarinyar nan ta kira don a ganinta ya kamata aminin babanta ya sani.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da yamma

Na ɗinka jaka da hannun tsohuwar rigar ulu, na zura mata igiya. Ɗinkin ya karkace, ba sai an faɗa ba. Dabarata ita ce in rataye ta a marikin ƙofarta in gudu, alkawari ya cika ba tare da an haɗa ido ba. Na sa takalmi, na fita, na kai tsakiyar titi. Motar gidan waya ta taho ta tsaya tana jira in wuce, direban yana yi min alama da hannu. Na juya na koma gida kamar wadda ta manta wani abu.

Gobe hunturu zai shiga. Ban je ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, da yamma

Ita ta zo.

Ina yanka kabeji na miyar naman tunkiya, don ranar farko ta hunturu ko gida na ci da wuta sai an ɗora ta, sai na ji an buɗe ƙofa ba ƙwanƙwasawa. Mutum ɗaya ke shigo mana haka. Na ji ta cire takalmi. Torfi ya miƙe ya shige ɗaki, bai rufe ƙofar duka ba.

Ta rame, rigar sanyinta ta yi mata yawa. Ta ja kujerarta ta kullum ta zauna, ba gaisuwa, ta ce, "Ina kayana?"

Na ce wane kaya. Ta ce yau ranar haihuwarta ce, kuma kwanaki ke nan tana jin kukan inji daga garejinmu, ba ta zaci haƙoran Torfi nake gyarawa ba. Na je na ɗauko jakar na ajiye a gabanta, na koma jikin murhu na tsaya da wuƙa a hannu.

"Har Begga ta zo, Odda," in ji ta. "Begga da ba ma ga maciji. Ta kawo min kek mai ɗanɗanon sabulu, na ci na yi godiya. Ke kuma ina tsaye ina kallon kanki yana nutsewa a ƙarƙashin taga kamar na agwagwa."

Bakin nan nawa da ya addabi gari ya mutu murus.

Ta kwance igiyar ta zube su a kan tebur, ta riƙa ɗauka tana shafa ramukan da babban yatsa. Ta ce Gyambo ya yi kyau. Ta kai ɗaya hanci ta shinshina, ta daɗe, sannan ta ce jan jirgi ne, wandon aikin Úlfar yana rataye a bayan ƙofarta da irin wannan jan a gwiwa. Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta mayar da su cikin jaka, ta girgiza, ta rufe ido ta zura hannu.

Ban san me ya sa na tabbata abin da zai fito ba, amma shi ɗin ne. Ta buɗe tafin hannu, ta duba, ta juya shi, ta sake juyawa. Ta ɗago ta kalle ni.

"Wanne ne wannan?"

Kalma ɗaya ce. In ce Mutum, ta tafi Kudu da ita a aljihu ta samu abin riƙewa. Har ta zo min kan harshe.

"Ban sani ba, Salla. Iri ɗaya na yi su, ban sa alama ba, suka cakuɗe."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci ta ce aikina ke nan. Ta ci gaba da juya dutsen a tsakanin yatsu, miya tana tafasa tana zuba a kan murhu ba wadda ta kula. Can ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, tunda yau na tashi da faɗin gaskiya, tana da tambaya ɗaya.

"Torfi ya sha giya?"

"E."

"Ke kin gani?"

"Na ji warin. Ni na miƙa masa rigar ruwa."

"Úlfar fa?"

"Yana bakin ƙofa a mota yana jira. Na ɗaga masa hannu."

Ta rufe hannunta a kan dutsen. Na jira ta jefe ni da shi, wallahi da na tsaya. Ba ta jefa ba. Ta sa shi a aljihun rigarta shi kaɗai, ta ɗaure bakin jakar, ta miƙe. A bakin ƙofa, tana sa takalmi, ta ce da na tsallako tun ranar da ta dawo na faɗa mata, da ta mare ni mun zauna mun yi kuka. Amma na bar ta tana tsintar maganar a bakin mutane a layin kanti, tana kare ni, tana cewa Odda ta ce barci take yi.

Ta fita ta ja ƙofar a hankali. Miyar ta kama, na kankare ƙasan tukunya na zuba wadda ta tsira a kwano.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da sassafe

Torfi ya ji komai. Jiya bayan ta tafi ya fito ya zauna a kujerar da ta tashi, ya ja kwanon miyar ya cinye tas, ya ce ranar Litinin zai je wurin ɗan sandan da kansa, ba sai ranar zama ba. Na ce ni ma ina da maganar da zan gyara. Ya ce ya sani.

Labulenta a sake yake. Ina jin na rasa ta, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

Lahadi, da yamma, a barandar asibiti

Ina rufe littafin nan da safe na ji hon a ƙofar gida. Motarta ce, amma tana zaune a kujerar mai zaman banza, ta miƙa hannu ta danna. Na fito da silifa. Ta sauke gilashi kaɗan, gaba take kallo.

"Hanyar tsauni ta yi ƙanƙara, ni kuma idona ba ya gani sosai tun da barci ya ƙaurace min. Ba yafe miki na yi ba. Direba nake nema. Ɗauko rigar sanyi."

Na ɗauko.

Yanzu tana ciki ita da Hrefna. Ni ina nan waje a kan benci, kusa da injin kofi, ban tambaya ko zan shiga ba, ba ta ce in shigo ba. Gobe za a cire injin. Ban san abin da zai faru ba, ban san ko bayan gobe za ta sake kallon fuskata ba.

A hanya mun bi gefen teku, mun wuce gonaki, mun fara hawa, dusar ƙanƙara tana gudu a kan kwalta. Hannunta ɗaya yana cikin aljihu tun daga gida. Da muka kai saman tsauni, inda hanya ta fi santsi, na saci kallonta sai na ga kanta ya jingina da gilashi, baki a buɗe, tana jan ɗan minshari. Ni matar Torfi ce riƙe da sitiyari, amma duk da haka Salla ta rufe ido.

Hawaye suka hana ni ganin hanya, na share da bayan hannu. Na rage gudu sosai, ina kauce wa ramuka don kada su tashe ta.